Yadda Alhaji Sale Ya Yi Cinikin Allura a Masar

Tun da muka dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. In na zauna a shagona na ɗinki a Ƙofar Dumi, wannan ya leƙo ya ce, "Malam Garba, kun ga gawar Fir'auna?" Wancan ya ce, "Da gaske ne koginsu ya fi dam ɗin Gubi?" Har na fara ɗinka aljihu a bayan riga saboda surutu. Shi ya sa na nemi izinin mai labarin, ya ce in faɗa duka, tunda asirin ya riga ya tonu. To, ba mu ga Fir'auna ba, kogin ma ta tagar mota muka hango shi. Abin da ya kai mu daban ne.

Mai labarin shi ne Alhaji Sale, ɗan ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Bawana nake ce masa tun muna yara, duk da cewa shi ne mai kuɗin, ni ne mai ɗaukar jaka. Hatsi yake saya yana sayarwa a kasuwar Wunti, kuma a duk faɗin Bauchi ban san wanda ya kai shi son ciniki ba. Ko sadakin matarsa Hajiya sai da ya taya. In aka faɗa masa farashi ya biya ba tare da an ja ba, ranar ba ya iya cin abinci.

Abin ya fara ne da fitsari. Mutum ya tashi ya tafi, ya dawo, kafin ya gyara zama ya sake tashi. Da Hajiya ta matsa, ya je asibiti aka ɗebi jininsa, aka ce wani abu ya hau fiye da kima. Likitan ya yi masa bayani cewa kowane namiji yana da wani ɗan ƙullutun nama a ƙarƙashin mafitsara, su suna ce masa furostet. In shekaru suka ja yakan kumbura, wani lokaci kumburi ne kawai, wani lokaci kuma ciwon daji ne. Jini ba ya rarrabewa. Sai an sa allura an tsakuro naman an duba. Kuma hanyar da allurar za ta bi, a yi mini afuwa, ta baya ce.

Matsalar ita ce likitan nan Nura ne, ɗan maƙwabcinsa. Alhaji ne ya yanka ragon sunansa.

"Yaron da na ɗauka ya yi mini fitsari a riga," in ji shi, "shi zan tuɓe wa? Garba, gara a kai ni inda ba wanda ya san ubana."

Na ce Jos fa? Ya ce yana da abokan ciniki a Jos. Kano? Surukai. Abuja? 'Ya'yan abokai sun cika ta. Haka muka yi ta matsawa a taswira har muka faɗa Masar. Aka sanar wa Wunti cewa Alhaji zai je a duba masa ido.

Hajiya ta cika mana kular abinci da masa, ta haɗa da kilishi da yaji, muka ɗauki mota zuwa Kano. Direban yaro ne mai haƙuri, amma haƙurinsa a Ningi ya ƙare. Kowane ɗan lokaci Alhaji zai buga kujera ya ce a tsaya, yana son ya duba yadda dawar mutanen nan ta yi bana. Ya shiga gona da buta, ya fito yana cewa damina ta yi kyau. A tsayawar da muka yi kusa da Birnin Kudu babu ko kara ɗaya a wurin, fili ne fetal, amma ya dawo ya ce damina ta yi kyau. Direba ya dube ni ta madubi, ni kuma na dubi kular masa.

A filin jirgi aka kama mu da makami. Alhaji yana da wani ƙarfe mai tsini, mai rami a ciki, wanda yake soka buhu da shi ya zaro ƙwayar da ke ciki ya gani. Alƙali yake ce masa, don shi ne ke raba gardama tsakaninsa da manoma. Ko masallaci da shi yake zuwa a aljihu. Na'ura ta yi ƙara, jami'i ya zaro shi ya ɗaga sama, mutane suka ja da baya. Alhaji ya fara bayani, ya waiwaya yana neman buhu ya nuna, idonsa ya sauka kan jakar wata hajiya. Da ƙyar na riƙe hannunsa. Daga ƙarshe aka yarda Alƙali ya bi manyan kaya, shi kuma ya yi ta tambaya ko akwai wanda zai kula da shi a can ƙasan jirgi. Kujerar taga ya nace sai an ba shi, sannan ya tashe ni da wani bawan Allah har muka haddace hanyar banɗaki.

Alƙahira gari ne da kowa yake danna oda, ko da gabansa ba kowa. Ina jin gaisuwarsu ke nan. Wanda ya tarbe mu tafinta ne, Ustaz Haruna, dattijo Bahaushen Sudan. Kakanninsa sun tashi aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a hanya, har yau ba su ƙarasa tashi ba. Hausarsa irin ta kakata ce. Ya sauke mu a wani dogon bene mai wani akwatin ƙarfe da ke hawa da mutane yana nishi. Alhaji ya leƙa shi sau ɗaya ya ce shi bai yi wasiyya ba, muka riƙa bin matakala.

Abincinsu ba laifi, sai dai ba su san lokacin da ake cin kowane ba. Da sassafe wake. Dafaffen wake da mai da burodi, kafin mutum ya gama wartsakewa. Da rana suka kawo mana shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake duk a kwano ɗaya, na ce wa Haruna ko ragowar biki ce, ya ce a'a, wannan shi ne abin alfaharinsu. Tattabara kuwa cusa mata shinkafa suke yi a ciki su gasa. Shayi ba madara, sukari kamar da gayya. Yaji babu. Da ba don ƙullin Hajiya ba, da yunwa ta kashe mu a tsakiyar abinci. Abu ɗaya ya burge Alhaji: suna ciniki. Ya sayi silifa, shi ba Larabci, mai kaya ba Hausa, suka yi ta ja da yatsu har mutumin ya dafa ƙirji kamar za a zare masa rai. Ya dawo yana murmushi ya ce, "Garba, mutanen nan Musulmin kirki ne."

Ina ganin wannan silifar ce ta ɓata shi.

Likitan da aka kai mu wurinsa dattijo ne mai sanƙo, ba ya gaggawa. An riga an sa Alhaji a wata na'ura an ɗauki hoton cikinsa. Likita ya ce hoton bai nuna takamaiman wuri ɗaya da za a nufa ba, don haka zai bi ƙullutun gaba ɗaya. Ya zana shi a takarda, ya raba dama da hagu, sama da tsakiya da ƙasa, ya ɗiga ɗigo-ɗigo. Za a kashe wurin da allura tukuna, sannan a tsakuro nama siriri kamar zare daga kowane ɗigo. Haruna ya juyo ya ce, "Ya ce guda goma sha biyu."

Na ga Alhaji ya gyara zama, ya tura hula baya. Na san wannan zaman, na ciniki ne.

"Goma sha biyu?" ya ce. "Naman nawa ne ko nasa? Ka ce masa albarka. Biyu."

Haruna ya dube ni. Na ce ya fassara, ai aikinsa ne. Likita ya saurara, ya cire tabarau, ya ce ba a gane ba ne? Aka sake bayani. Ciwon ba ya cika ƙullutun duka, yakan laɓe a lungu ɗaya, ɗan ƙarami. Allura biyu za su iya wucewa ta gefensa su fito da nama mai lafiya, a ce maka ba komai, ka koma gida da abinka.

Alhaji ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba jin dillalai suna yabon kaya. "Uku. Don darajar furfurarsa."

"Ya ce goma sha biyu."

"Huɗu, kuma ban taɓa yi wa kowa haka ba."

"Ya ce goma sha biyu, Alhaji."

"Wannan wane irin mutum ne? Ko ɗaya ba zai sauko ba? To, a raba. Shida. Uku dama, uku hagu, kowa ya samu. In ya ƙi, wallahi na tashi."

Likita ya ce a da can shida ake yi, sai aka lura ana yawan tsallake ciwon, shi ya sa aka ƙara. Ya ce shi ba ya sayar da komai, kuma ba ya sayen komai. Alhaji ya miƙe, ya kaɗe riga, ya ce, "Taso, Garba."

A Wunti, in manomin Zungur ya saɓa buhunsa ya juya, kafin ya kai bakin titi an kira shi. Wannan Alhaji yake jira. Muka fito muna tafiya kamar masu rakiyar amarya, yana raɗa mini, "Kada ka waiwaya. Yanzu zai aiko." Muka kai ƙarshen baranda. Ya tsaya yana karanta wata sanarwa ta Larabci da ba ya iya karantawa. Ya sunkuya ya gyara silifa. Da na saci kallo, sai na ga ma'aikaciya ta leƙo ta kira wani mutum daban, ƙofa ta rufe.

"Gwani ne," in ji Alhaji. "Gobe zai kira."

Bai kira ba. Jibi ma bai kira ba. Muka zauna a masauki, waya a tsakiyarmu. Ni dai dariyar ta fara fita daga raina. Ina jinsa yana shiga banɗaki yana daɗewa, ina jin nishin da yake ɓoyewa. Na yi masa wasa, na yi masa faɗa, na ce mun tsallake ƙasashe don ya zo ya yi wa kansa rowa. Ya ce ni tela ne, ban san kasuwa ba, wanda ya fara komawa shi ya faɗi. Sai daga baya, yana kallon bango, ya ce, "In suka soka da yawa, ai dole su samu wani abu." A nan na gane ba allurar yake tsoro ba. Na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda.

Wata safiya muna saukowa sayen burodi, muka ji an ce daga ƙasan matakala, "A'a! Alhaji Sale? Ido ne ya kawo ka har nan?"

Baba Ishaya ne, mutumin Tafawa Ɓalewa, tsohon direban ma'aikata da ke zaune a Yalwa. Shekara da shekaru a wurin Alhaji yake sayen masara. Yana kan keken marasa lafiya, 'yarsa tana tura shi, ya rame har na kusa kasa gane shi. Mun gudu daga Bauchi don kada a gan mu, ga Bauchi a hawa na biyu.

Ya ja mu ɗakinsa, 'yar ta haɗa shayi. Alhaji ya fara zancen ido, har yana ƙifta shi. Baba Ishaya ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ni ma da ido na ce wa mutanen cocinmu. Ni nawa ciwon ya riga ya shiga ƙashi, Alhaji. Sun ce sai dai a rage mini zafi."

Ya ce shekarun baya an taɓa yi masa irin wannan gwajin a wani wuri, aka ɗauki 'yan kaɗan, aka ce ba a ga komai ba. Aka ce ya dawo a sake dubawa, shi kuwa ya riƙe "ba a ga komai ba" ya yi gaba, har ya yanka kaza. Sai da ciwon baya ya hana shi tuƙi ya koma.

Ni kuma bakina bai iya riƙe magana ba. Na ba shi labarin cinikin tun daga biyu har shida. Baba Ishaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, 'yarsa ta riƙe masa kofi.

"Kai, Alhaji! Ina wannan ƙarfen naka?"

Alhaji ya zaro Alƙali daga aljihu, ya ajiye a tebur.

"Na taɓa tsayawa a shagonka," in ji Baba Ishaya, "wani mutumin Zungur ya kawo masara. Ka soka sama, ta fito fes. Ya ce ka gani ko. Ka soka gefe, fes. Ka kwantar da buhun, ka soka gindi, ka soka ciki, mutumin yana rantsuwa, kai kana sokawa. Na ce Alhaji, ka tausaya masa mana. Ka tuna abin da ka ce mini?"

Alhaji ya ɗauki ƙarfen daga tebur.

"Ka ce ruɓaɓɓiya ba ta zama a bakin buhu. Buhun masara ke nan fa. To kai, da kake da jikoki, soka biyu ka ce a yi maka?"

Alhaji ya daɗe yana juya ƙarfen a hannu. Can ya ce wa Haruna a waya ya nema mana ganin likita, amma ya tabbatar ya gaya masa ba don mun rasa wani wurin ba ne.

Da muka koma, likita bai nuna ya tuna da komai ba. Haruna ya ce, "Ya ce goma sha biyu." Alhaji ya ce, "Na sallama." Na yi ajiyar zuciya. Sai kuma na ga ya sake tura hula baya.

"Tunda abin haka ne, ka ce ya yi ashirin da huɗu. Kada a bar lungu ko ɗaya."

Likita ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya ce in an wuce kima, abin da ake ƙara ganowa kaɗan ne, zubar jini da haɗarin ƙwayar cuta kuwa suna ƙaruwa. Ko sha biyun ma ba rantsuwa ba ce, in ba a ga komai ba kuma jini ya ci gaba da nuna alama, sai a sake dubawa. Alhaji ya ce wannan gaskiya ne, buhun da aka cika sokawa a hanya yake tsiyayewa. Ya ce to a yi masa gyara, ko guda ɗaya. Likita ya ce babu gyara.

Ranar aikin aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka sa masa wata riga mai buɗaɗɗen baya wadda a matsayina na tela ban yafe wa wanda ya ɗinka ta ba. Ina zaune a bakin ƙofa ina jin wani ƙas, ƙas, kowane da ɗan tsaiko. Bayan kowane ƙas sai in ji muryar Alhaji yana ƙirgawa da ƙarfi, wai kada a yi masa ƙwange. Da aka kai sha biyu ya ce, "Ya isa haka, na ƙirga!" Ya fito yana tafiya kamar wanda ya yi sukuwa a kan jaki, ya ce abin bai kai yadda ake faɗa ba. Kwana biyu yana ganin ɗan jini a fitsari, an riga an gaya masa haka za a yi, amma kullum sai ya kira ni shaida.

Jiran sakamako ya fi komai tsawo. Ranar da aka kira mu, ban yi masa wasa ko ɗaya a hanya ba. Likita ya fito da zanen nan mai ɗigo-ɗigo. Ya bi su da biro ɗaya bayan ɗaya, Haruna yana cewa, "Lafiya. Lafiya. Lafiya." Goma sha ɗaya lafiya. Sai biro ya tsaya a kan ɗigo ɗaya, can ƙasa ta hagu, a gefe. Haruna ya ce, "A nan aka same shi."

Likita ya ce irin wanda ake yi wa magani ne, ba wanda ake bari ba, amma ga alama bai fita daga ƙullutun ba, an kama shi da wuri. Alhaji ya kafa wa ɗigon ido. Ya tambaya, da shida aka yi, da an gan shi? Likita ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a.

Sannan ya ƙara da cewa maganin na buƙatar bibiya mai tsawo, gara a yi kusa da gida. Akwai likitan wannan fanni a garinku? Na ce akwai. Alhaji ya harare ni.

Haka muka dawo Bauchi muka wuce wurin Nura. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya karanta takardun, ya ce, "Baba, sun yi daidai. Sha biyun nan ai ita na ce za mu yi a nan." Alhaji ya ce ya sani, ya je ne ya tabbatar ko yaron ya iya aikinsa. Ya tuɓe kuwa, ba gardama. An yi masa abin da za a yi, yana kan bibiya, kuma ga shi nan a Wunti yana hana manoma sakat.

Baba Ishaya bai kai Kirsimeti ba. Muka je Yalwa gaisuwa, Alhaji ya kai buhun masara da ya zaɓa da hannunsa. 'Yar ta ce har kwanakinsa na ƙarshe, in ya tuna cinikin allura sai ya yi dariya.

A keke mai ƙafa uku muka dawo, muka bi ta Wunti. Na ga Alhaji yana lanƙwasa yatsu a kan gwiwa, ya kai shida ya tsaya. Na buɗe baki in ce bawana ya fara lissafin riba, sai na ga idonsa, na fasa.

"Garba," ya ce, "tun ina yaro ba a taɓa ƙin tayina na ji daɗi ba sai wannan karon. Shida na ce wa likitan nan, har da rantsuwa." Ya share fuska da hannun riga. "Da mutumin nan ya iya ciniki, da ya sallama mini."